Takardar Vahid

Hamdija ne ya kira ni ranar Litinin da yamma ya ce gobe za mu Sarajevo. Na ce masa ai watan biyar muke zuwa, ranar Asabar, shekara goma sha ɗaya ke nan ba mu taɓa sauya ba. Ya ce bakinsa ne ya tashi da kwaɗayin ćevapi, gasasshen niƙaƙƙen naman nan na garin, kuma a shekarunmu wanda ya ce zai jira watan biyar ya cika sa rai da duniya.

"Kai dai ka fito jirgin ƙasa na safe," in ji shi. "Zdravko ya yarda."

Mu uku ne. Tare muka yi aiki a masana'antar ƙarfe ta Zenica har muka yi ritaya. Hamdija ciki ne da baki, in ba ya ci to yana magana. Zdravko Kirista ne, mutum mai shiru, ya fi son ya ɗauki hoton abu a kan ya faɗi ra'ayinsa a kai. Ni kuma, Refik, ko Refko a bakinsu, ni ne wanda suke ce wa tukunyar matsi, wai ina tara zafi a ciki ba na bari ya fita. Ban taɓa musu ba, don gaskiya ce.

A tasha na tarar da Zdravko cikin baƙar kwat ɗinsa ta zuwa coci, takalmi ya sha mai. Na tambaye shi ko zawarci za shi. Ya ce kwat ɗinsa ta kullum tana wajen wanki. Hamdija kuwa ya yi aski, har da hula a aljihu. Da ina da wayo da tun nan na gane, amma ni hankalina yana kan gwiwata da ke ciwo.

Ni haifaffen Sarajevo ne, can saman Bistrik, inda titi ke miƙewa tsaye har sai mutum ya dafa gwiwa. Abokaina sun san dokata: muna yawo a kasuwar tsohon gari, mu ci, mu sha gahawa, mu koma gida, amma ba ma tsallaka kogi zuwa ɓangaren unguwarmu. Sun san ina da ƙane a can mai suna Vahid, sun kuma san ba a ambatarsa a gabana.

Dalilin ba dogo ba ne. Lokacin yaƙi, da aka yi wa garin ƙawanya, a kakar 1993, na samu hanyar fita da matata Behija da 'ya'yanmu biyu ta ramin da aka haƙa a ƙarƙashin filin jirgi. Ban gaya wa Vahid ba, don na san zai ce Inna fa. Da safiyar ranar na gamu da shi a ƙofar gida, ya ɗaure jarkoki biyar a bayansa za shi ɗiban ruwa. Ya ce, "Yaya, in ka ga itace ka taho da shi, Inna na jin sanyi." Na ce to. Ya gangara, jarkokin babu komai a ciki suna bugun juna, ƙwal, ƙwal, ƙwal, har ya sha kwana. Ganina da shi na ƙarshe ke nan.

Inna ta rasu a tsakiyar sanyin nan. Wata biyu bayan haka wani direban babbar mota ya kawo mini takardar rasuwarta a Zenica, an ninke ta huɗu. Na karanta jerin masu makoki: ɗanta Vahid, surukarta, jikoki, 'yan'uwa, har da maƙwabta gida uku. Babu Refik. Babu Behija, babu 'ya'yana. A wurinmu wanda aka cire daga wannan jerin an ce masa shi ba na gidan ba ne, an kuma manna maganar a kowace bishiya don gari ya karanta. Na rantse ba zan yafe masa ba. Wasiƙunsa biyu na mayar ban buɗe ba. Ya zo Zenica sau ɗaya bayan yaƙi, na ƙi ko leƙowa, na bar shi a tsaye a bakin ƙofa har ya gaji. Da Behija ta rasu shekara huɗu da suka wuce na rama, ban sa sunansa a tata takardar ba. Tun daga ta Inna kuma na daina karanta shafin mutuwa a jarida, abin da kowane tsoho a ƙasar nan yake fara buɗewa kafin ya sha ruwa.

Abu ɗaya ne ban taɓa gaya wa kowa ba. Duk shekarar da muka zo Sarajevo, sai na ji ƙarar jarkokin nan. Wani lokaci a bayan taragon titi, wani lokaci a lungun maƙera, ƙwal, ƙwal, kamar mutum na gangarowa a bayana. In na waiwaya sai in ga 'yan yawon buɗe ido da tattabaru.

Ranar ma na ji ta, tun muna fita daga tasha. Na yi kamar ban ji ba.

Muka fara da gahawa a wani ɗan shago da muka saba, kusa da masu ƙera tagulla. Matar shagon ta kawo faranti da finjali huɗu.

"Mu uku ne, baiwar Allah," na ce mata.

"Na gani," in ji ta. "Ɗayan na wanda zai iya zuwa ne. Haka kakata take yi."

"Bara ba ki yi haka ba."

"Bara ma na yi, kai ne ba ka lura ba."

Hamdija ya ce in bar mata finjalinta, ai ba kaina aka ɗora shi ba. Ya jiƙa sukari a gahawa yana tsotsa, yana ba mu labarin surukinsa da ya sayi tsohuwar mota daga Jamus ta mutu a kan iyaka. Na yi dariya inda ya kamata. Amma idona yana komawa kan finjalin nan da ke gefen kujerar da babu kowa. Zdravko ya ɗaga na'urarsa zai ɗauke mu hoto, sai ya sauke, ya ce hasken bai yi ba.

Daga nan muka shiga yawo. Hamdija ya sayi alawa ya ce ta jikokinsa ce, kafin mu kai ƙarshen layi ya ci rabi. Muka tsaya kallon wasu tsofaffi suna buga dara da manyan 'ya'ya a fili, kowa na ba da shawarar da ba a tambaye shi ba. Wajen ƙarfe sha ɗaya Hamdija ya ce mu bi ta bayan wani ƙaramin masallaci, wai akwai inuwa. Ranar ko zafi babu. Muka bi.

A jikin katangar akwai allon da ake manna takardun rasuwa. Masu koren baki da jinjirin wata, biyu masu baƙin baki da gicciye. Na saba wuce irin wannan allon kaina a sunkuye. Amma su biyun suka tsaya cak a gabansa, Hamdija yana neman wani abu a aljihu, Zdravko yana gyara igiyar takalmin da ba ta kwance ba. Dole na ɗaga kai.

Fuskar babanmu na fara gani a hoton da ke kan ɗaya daga cikin takardun. Sai da na ƙura ido na gane Vahid ne ya tsufa ya koma shi. Gashi fari fat, kumatu sun faɗa, amma kunnen nan na hagu da ya fi na dama fitowa yana nan yadda na san shi. Vahid Delalić, shekara sittin da huɗu. Ya rasu ranar Lahadi. Jana'iza yau Talata bayan sallar azahar, a maƙabartar unguwarmu.

Ƙasan wannan ne jerin masu makoki yake. Ban bari idona ya sauka can ba. Na sa hannu na fizge takardar daga allon, kusoshinta biyu suka faɗi ƙasa, na ninke ta na tura a aljihun ƙirji. Wata tsohuwa da ke wucewa ta yi salati, don ba a cire takardar mamaci kafin a binne shi.

"Refko," in ji Hamdija a hankali.

"Kun sani."

"Jiya na gani a jarida."

"Shi ya sa ka yi aski. Kai kuma shi ya sa ka sa kwat. Kun mai da ni ɗan akuya, kun ja ni da igiya har nan."

"Ba wanda ya ja ka," in ji Zdravko. "Mun kawo ka kusa ne kawai. Sauran naka ne."

Hamdija ya ce saura awa biyu, tafiyar minti ashirin ce ko da gwiwata. Ya ce in je ko don tambayar liman. Na san abin da yake nufi. Bayan an sallaci gawa liman yakan juyo ga jama'a ya tambaya sau uku ko sun yafe wa mamacin, kowa ya amsa da ƙarfi, sannan a ɗauke shi. Wanda ke riƙe da wani abu a zuci, nan ne wurin sauke shi, don daga nan sai ƙasa.

"Gari guda zai amsa masa," na ce. "Ba ya bukatar bakina."

"Gari guda ba su da abin yafe masa. Kai ke da shi."

"Ci muka zo yi ko wa'azi? Ni yunwa nake ji."

Na wuce gaba, suka biyo ni. Zuciyata tana tafasa, kuma har ga Allah ban san da wa nake fushi ba, da su, ko da wanda ya mutu bai jira na huce ba.

A gidan ćevapi muka samu teburi kusa da taga. Aka kawo guda goma-goma a cikin burodi mai zafi, da albasa da kindirmo. Ƙamshin da nake mafarkinsa shekara guda. Na yagi burodi, na sa nama ɗaya a baki, na tauna, na tauna, ya ƙi wucewa. Hamdija, wanda ban taɓa ganin ya bar ko ɓurɓushi ba, yana juya albasa da cokali mai yatsu.

"Ci mana," na ce masa. "Ba kai ne mai kwaɗayi ba?"

"Ina ci."

"Ƙarya kake. Ko kyanwa ta fi ka ci yau."

"Refko, ɗan'uwa rabin jiki ne."

"To rabin nawa ya shanye tun shekara talatin, ga ni ina tafiya."

"Ka karanta takardar dai."

"Na san abin da ke ciki. Na taɓa karanta irinta."

Zdravko ya buɗe baki, Hamdija ya girgiza masa kai. Daga baya na fahimci sun yi alkawari tsakaninsu cewa ba za su gaya mini ba, don Hamdija ya ce in na je saboda abin da ke rubuce, ciniki na yi, ba yafiya ba. Wannan wayon nasa bai amfani kowa ba.

Takardar tana aljihuna, ina jin kaifin ninkinta a ƙirji duk lokacin da na numfasa. A titi wani ya wuce da keken hannu, sai ga ƙarar nan, ƙwal, ƙwal, a daidai tagarmu. Na leƙa. Akwatunan lemo ne.

Aka kira azahar, masallatai suka ɗauka ɗaya bayan ɗaya. Hamdija ya dube ni, ya ciro hularsa ya ajiye a kan teburi. Ni kuma na kira mai hidima na ce ya ƙaro kindirmo. Na zauna na shanye shi a hankali har kiran ya ƙare, har masu alwala a famfon tsallaken titi suka shige. Na ga lokacin yana wucewa, na bar shi ya wuce da gangan.

Da muka fito sai garin ya yi mini ƙunci. Kowane lungu kamar zai ɓullo da wani da ya san ni. Na ce mu hau dutse.

"Wane dutse?" in ji Hamdija.

"Trebević. Shekara nawa kuna cewa mu shiga motar igiya ina ƙi? Yau na yarda."

Suka dubi juna. Tashar motar igiyar tana tsallaken kogi, wato ni da kaina na karya dokata, amma ban damu ba. So nake in yi sama, in bar garin da abin da ake yi a cikinsa. Rabona da ita tun ina saurayi, kafin yaƙi ya ƙone tsohuwar a gina wannan. Na tuna sanyin sama da bishiyoyi. Abin da na manta shi ne ta inda igiyar take bi.

Muka shiga mu uku, ƙofar ta rufe da kanta. Akwatin gilashi ne, babu tagar da mutum zai zura kai. Ya ɗaga a hankali, rufin gidaje ja suka fara sauka ƙarƙashinmu, ga hasumiyoyi, ga shanya a baranda. Zdravko ya ɗaga na'urarsa. Sai na ga titinmu. Na gane shi ta famfon kwana da bishiyar da muke hawa muna yara. Na ga rufin gidanmu, an sauya shi, ga takalman mata jere a ƙofa har bakin titi, sun taru karatu.

Sama da gidan kaɗan, maƙabarta. Fararen duwatsu a gangare, a gefen ƙasa kuma maza sun yi sahu uku. Makara a gabansu lulluɓe da koren mayafi. Sun riga sun idar da salla. Liman ya juyo yana fuskantar jama'a, na ga farin rawaninsa kamar ƙwayar shinkafa. Ba na jin komai sai kukan igiya a samanmu. Amma na ga kawunan mutanen sun motsa tare, sau ɗaya. Shiru. Suka sake motsawa.

Ban san lokacin da hannuna ya shiga aljihu ba. Na warware takardar, ta ɗan jiƙe da gumi. Na gyara tabarau a hancina. Masu makoki. Layin farko, kafin matarsa Nafija, kafin 'ya'yansa mata, kafin kowa: wansa Refik.

"Ba a sa ɗan'uwa kafin mata," na ce. Muryata ta fito kamar ta wani. "Kuskuren maɗaba'a ne."

"Ba kuskure ba ne," in ji Hamdija. "Ba mai buga takarda da zai yi haka sai an tsaya a kansa. Shi ya tsara abinsa."

Na buga gilashin da tafin hannu. Na sake bugawa. Na yi ihu na ce na yafe, na kira sunansa, na ce a tsaya, ga ni nan. Akwatin ya ɗan yi lilo, Zdravko ya riƙe mini kafaɗa. A ƙasa ba wanda ya ɗaga kai. Suka ɗauki makarar, tana tafiya daga hannu zuwa hannu a tsakanin layi biyu na maza, kowa ya karɓa ya miƙa gaba, kamar tana tafiya da kanta. Wurin da ya kamata in tsaya, a gaba ta dama, wani mai shuɗiyar riga ne a ciki. Sai bishiyoyi suka shiga tsakaninmu, motar ta ci gaba da hawa.

A sama ban fita ba. Ma'aikacin ya ce sai mun sauka mun zagayo, Hamdija ya faɗa masa magana biyu a kunne, ya bar mu. Saukowar ta fi hawan tsawo. Da muka sake bi ta saman maƙabartar, ana zuba ƙasa, shebur na wucewa daga hannu zuwa hannu. Na rufe idona.

Daga tashar ƙasa zuwa can hawa ne tsaye. Gwiwata ta ƙi, sau uku ina tsayawa ina riƙe katangar mutane. Muka yi ta gamuwa da masu dawowa, biyu-biyu, uku-uku, suna kunna taba. Ba wanda ya gane ni. Na bi ta ƙofar gidanmu ban juya ba, ina jin muryoyin mata daga ciki.

Mutum ɗaya muka tarar a maƙabartar, wani tsoho tukuf zaune a kan dakali da sanda tsakanin ƙafafu. Kawu Rasim ne, maƙwabcinmu, wanda na ɗauka ya daɗe da mutuwa. Ya dube ni tun daga takalmi har kai.

"Refik ɗan Subhija," ya ce. "Tafiyar babanka ce da kai. Ka makara."

"Na sani, Kawu."

"Ba ka sani ba. Liman ya yi tambayar sau uku muka amsa. Sai ya tsaya yana kallon ƙofa. Ya sake yi ta huɗu. Ban taɓa jin an yi ta huɗu ba, shekarata tamanin da takwas. Ba wanda ya amsa, don kowa ya san ba tamu ba ce." Ya yi tari. "Vahid ne ya roƙe shi tun watan azumi, da likita ya gaya masa. Ya ce wansa mai nawa ne, amma yana zuwa."

Na sunkuyar da kai, ya ci gaba.

"Ranar da uwarku ta rasu, shi kaɗai ya ja ta a kan katako cikin ƙanƙara har nan. Ni na riƙe masa ƙafafunta a kwana. Washegari ya je ya rubuta takarda da zafin zuciya. Ya yi laifi, ya kuma san ya yi. Kai ma ka san naka." Ya nuna da sanda. "Ga su can, gefe da gefe."

Kabarin Inna yana da farin dutse da sunanta, Subhija, an share gindinsa tas, ba ciyawa ko ɗaya. Ban taɓa ganinsa ba sai ranar. Kusa da shi tudun sabuwar ƙasa, da koren katako an rubuta sunan Vahid. Na tsaya a tsakaninsu kamar baƙon da bai san inda zai ajiye hannunsa ba.

Hamdija ya sa hularsa. Ya je ya tsaya ta wajen kan kabarin, ya gyara murya. Mutumin da ko fatiha sai ya yi tuntuɓe a cikinta. Zdravko ya matso gefena, ya haɗa hannuwa a gaba.

"Ni ba liman ba ne," in ji Hamdija, "Allah Ya sani. Amma tambaya dai tambaya ce. Refik, ka san wannan bawan Allah?"

"Na san shi."

"Ka yafe masa?"

"Na yafe."

Ya tambaya sau uku, na amsa sau uku. Abin da ya ba ni tsoro shi ne sauƙinta. Kalma biyu, ko numfashi ba su ci ba. Shekara talatin ina gadinsu kamar dukiya.

Na durƙusa da ƙyar, na dafa ƙasar, da sauran sanyinta. Na ce, "Vahid, kai fa? Na ce maka zan kawo itace." Na jira. A samanmu akwatunan gilashi suna wucewa ɗaya bayan ɗaya, cike da mutane masu ɗaukar hoto. Sai a lokacin na lura cewa tambayar liman hanya ɗaya take bi. Ana tambayar masu rai, ba a tambayar wanda ke kwance.

Sai ga ƙarar, ƙwal, ƙwal, a bayana, kusa ƙwarai. Tsigar jikina ta tashi. Wannan karon da na waiwaya akwai abin gani: jarka biyu na roba rataye a jikin shingen ƙarfe, na masu ba furanni ruwa, iska na kaɗa su. Na tambayi Zdravko ko ya ji. Ya ce ya ji. Na ciro su, na gangara famfon kwana na cika, na hau da su ni kaɗai. Hamdija ya miƙo hannu zai karɓi ɗaya na hana shi. Na zuba ɗaya a kan Vahid, ɗaya a kan Inna.

Ban shiga gidan ba ranar. Na tsaya a ƙofa na aika a gaya wa Nafija cewa zan dawo ranar bakwai, ta aiko cewa ƙofa a buɗe take. A hanyar tasha muka bi ta bayan ƙaramin masallacin. Kusoshin biyu suna nan a ƙasa inda suka faɗi. Na miƙe takardar da tafin hannu, na mayar da ita wurinta.

Muka shiga jirgin yamma, har muka wuce garin Visoko. Hamdija ya ciro sauran alawar jikokinsa ya miƙa mana, ba wanda ya karɓa. Na ce masa ya ba ni biro. Na juya bayan tikitina na yi rubutu, na miƙa masa.

"Mene ne wannan?"

"Jerin tawa takardar. 'Ya'yana ba su san tsari ba. Kai za ka je maɗaba'a, ka tsaya a kansu."

"Wa ya ce maka za ka riga ni? Dubi tumbina." Ya sa tabarau ya karanta. Dariyar ta tsaya masa a rabi. "Refko, ba a sa matattu a cikin masu makoki. Ba mai buga maka wannan."

"Ba a sa ɗan'uwa kafin mata ma."

"Wannan daban. Mutane za su ce ka ruɗe kafin ka mutu."

"Su ce. Ka sa shi a layin farko, ƙanensa Vahid. Kuma ka gaya wa liman, in ya yi sau uku, ya dubi ƙofa ya ƙara ɗaya."

Hamdija ya daɗe yana kallon tikitin. Ya dubi Zdravko, Zdravko yana kallon taga. Sai ya ninke shi biyu, ya sa a cikin hularsa, ya mayar da hular aljihu.